Ruwa Ya Ƙare, Ledar Ta Wa Ce?

Duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san darajar ledar ƙarin ruwa muddin tana rataye. Mai jinya ba ya runtsawa, idonsa na kan ɗigon. In ɗigon ya tsaya, a guje za a kira nas. In yaro ya matso kusa da ƙarfen, a daka masa tsawa. An sayar da akuya, an ci bashin maƙwabci, duk don wannan leda.

Ɗigon ƙarshe na sauka, shi ke nan, ta zama marainiya. Wanda ya rubuta ta bai san ta ba. Wanda ya sayar da ita ya soke kuɗinsa a aljihu. Wanda ya rataya ta ya fizge ta ya wurga a bokiti, tare da allura da auduga mai jini da sauran tuwon da aka rage. Daga bokiti sai bayan katanga.

Jama'a, ku zagaya bayan katangar nan ku gani. Ban ce ku karanta rahoton kowa ba. Ƙafa da ido sun isa.

Ni na zagaya. Da damina ne, lokacin da zazzaɓi ke cika ɗakunan kwanciya har a shimfiɗa tabarmi a baranda, na kai gwaggona wani asibiti a yankinmu na Bagwai. Neman wurin alwala ne ya kai ni baya. Tudu guda na tarar. Robobin ƙarin ruwa, wasu da sauran ruwa a ciki, igiyoyinsu sun sarƙe kamar yaɗon kabewa. Sirinji da allurarsa a tsaye. Safar hannu, fasassun kwalabe. Gefe guda ya ci wuta ya narke ya daskare, baƙi ƙirin. Awaki biyu suna kiwo a kai. Wani yaro da bai wuce shekara bakwai ba yana warware igiya guda zai yi wasa da ita.

Dattijon da ke share wurin ya zo da wani bokitin, silifas a ƙafarsa, hannunsa babu komai. Na gaishe shi, na ce, "Baba, nan ake zubarwa kullum?" Ya ce, "To ɗana, ina za a kai? In sun taru sai in ƙyasta ashana."

Ban ga laifin Baba ba. Abin da aka ba shi ke nan: bokiti da tsintsiya da ashana. Laifin yana wuyan waɗanda suka yi karatun, suka ci jarrabawar, suka san abin da ke cikin hayaƙin nan sarai, kuma suke wucewa ta gabansa kowace safiya da farar riga.

A cikin asibitin kuwa, bango cike da hotunan wayar da kai. A wanke hannu da sabulu. A rufe abinci. Kada a yi bahaya a fili. Ranar awo a tara mata a yi musu lacca kan tsafta, har a kunyata wadda ɗanta ya zo da dauɗa a wuya. Taku ashirin daga inda ake laccar, ga jujin da babu gida guda a ƙauyen da zai yarda a tara masa irinsa a ƙofa. Da wane baki ake laccar?

Ɓarnar ma ta fara tun kafin a huda ledar. Da yawa daga robobin da ke kan tudun nan bai kamata a rataya su ba tun farko.

Ƙarin ruwa ya zama ado a ƙasar nan. Mutum ya ji kasala, a sa masa ruwa. Ya kwana biyu bai ci abinci sosai ba, a sa masa ruwa. Magidanci ya kai matarsa asibiti, in aka ba ta ƙwayoyi aka ce ta koma gida, sai ya fito yana ƙunƙuni wai ba a duba ta ba. In aka rataya mata leda uku, ya koma majalisa yana yabon likita. Masu sayarwa sun gano wannan rauni namu, suka mai da shi kasuwa. A zuba allurar bitamin a ciki, ruwan ya koma rawaya, a ce wannan mai ƙarfi ne, a ƙara kuɗi.

Wane ƙarfi? Ruwan gishirin da aka fi ratayawa giram 9 na gishiri ne a lita guda. Robar rabin lita giram 4.5 ke nan, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Na sukari, mai kashi 5 cikin 100, robar rabin lita tana ɗauke da giram 25, wajen cokalin shayi shida. Kofin kunu da ƙosai uku sun fi shi ba da ƙarfi nesa ba kusa ba. Duk ma'aikacin lafiya ya san wannan lissafi. Nawa ne suka taɓa faɗa wa maras lafiya?

Kada wani ya murɗa maganata. Ƙarin ruwa ceton rai ne ga wanda ya dace da shi. Mai haihuwar da jini ya ɓalle mata, da wanda amai da gudawa suka tsotse har ba ya iya haɗiya, da wanda za a yi wa tiyata, da wanda ya ƙone, da wanda mota ta kaɗe a hanyar Bichi, waɗannan ledar nan ce tsakaninsu da kabari, da yardar Allah. Tun 1832, da wani likita mai suna Thomas Latta ya fara ɗura ruwan gishiri a jijiyar masu kwalara a Sukotlan, ake ceton mutane da ita. Darajar tata ce ta sa wasa da ita ya zama babban laifi.

A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangladesh, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya. Ruwan jijiya ya ƙare. Likitan da ke wurin, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a manyan durom-durom, 'yan uwan marasa lafiya suna ba su da kofi. Mace-mace suka sauko daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Wannan shi ne ruwan gishiri da sukarin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya yaɗa a ƙasar nan lokacin yana ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, har iyayenmu mata suka haddace haɗinsa daga rediyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mafi yawan masu kwalara, har wajen kashi 80 cikin 100, wannan ruwan sha kaɗai ya ishe su in an fara da wuri.

To me ya sa yaron da ke iya sha, yana ma miƙa hannu a ba shi kofi, za a danne shi a yi ta laluben jijiya a hannunsa da ƙafarsa da fatar kansa yana tsala ihu?

Kowa ya san amsar. Ƙullin gishiri da sukarin nan, wato ORS, kuɗinsa kaɗan ne, ribarsa kaɗan. Leda kuwa akwai kuɗin ruwa, da kuɗin igiya, da kuɗin kanula, da kuɗin gado, da kuɗin hannu.

Kuma ba asarar kuɗi kaɗai ake yi ba. A 2011 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitocin Uganda da Kenya da Tanzaniya, kan yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani, waɗanda ba gudawa ce ta kawo su ba, da yawansu zazzaɓin cizon sauro ne. Waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa: sama da 10 cikin 100 a kwana biyu, alhali waɗanda ba a ɗura wa ba wajen 7 ne. Dole aka dakatar da binciken kafin lokacinsa. Yaro mai tamowa kuwa, an daɗe ana gargaɗi cewa ruwan jijiya na iya fin ƙarfin zuciyarsa. Wannan ilimi yana cikin littattafan koyarwa. Wanda ke rataya leda a bayan labulen kemis ya san da shi?

Lasisin mai kemis bai ba shi damar yin allura ba, balle ƙarin ruwa. Amma wane gari ne a ƙasar nan babu shago mai benci a ciki da ƙusa a bango? Wane ƙauye ne babu mai bin gidaje da yamma da jaka a bayan babur, ya rataya leda a ƙusar labule ya ce in ta ƙare a zare? Waɗannan robobi ba sa ma isa bayan katangar asibiti. Jujin gida suke tafiya, da allurarsu, inda kaji ke tono, yara ke wasa.

A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 111,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,600, kuma Kano na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A irin wannan shekara leda guda rai guda ce. Duk wadda aka rataya wa mai kasala, daga hannun wanda idonsa ya faɗa aka ƙwace ta.

Amurka ma, da duk kuɗinta, ta koyi ƙirga leda. A watan Satumba na 2024 guguwar Helene ta malale masana'antar kamfanin Baxter da ke Karolina ta Arewa, wadda ke samar da wajen kashi 60 cikin 100 na ruwan jijiyar ƙasar. Asibitoci suka koma ba wa mai iya sha abin sha, suka koma ba da ƙwaya a inda da allurar jijiya ake yi, suka daina huda leda don kawai a ce an huda. Su ambaliya ce ta tilasta musu. Mu da muke sayen kowace roba da kuɗin gero, me muke jira ya tilasta mana?

Yanzu mu koma kan ashanar Baba.

Mazubin ruwan nan iri biyu ne. Akwai roba mai ɗan tauri wadda aka fi gani a asibitocinmu, akwai kuma leda mai laushi. Mai laushin, da ledar jini, da igiyar da ke kai ruwa jijiya, yawanci da robar PVC ake yin su. Fiye da rabin nauyin tsantsar PVC sinadarin kulorin ne. Don ta yi laushi kuma ana cakuɗa ta da wani sinadari, DEHP, wanda kan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin ledar, kuma an san yana taɓa halittar haihuwa, musamman a jarirai maza. Saboda shi ne jihar Kalifoniya ta yi doka a 2024 cewa daga 2030 ba za a sake sayar da ledar ƙarin ruwa mai ɗauke da shi ba.

In aka cinna wa irin wannan roba wuta a fili, tana ci tana mutuwa tana hayaƙi, sai ta haifi gubar da ake kira dayoksin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai tanderun zamani mai zafin digiri 850 zuwa 1,100, mai matatar hayaƙi, ke iya ƙona sharar asibiti ba tare da ya watsa wannan guba ba. Wutar kara da kananzir a bayan katanga ba ta kama ƙafar wannan zafi ba.

Dayoksin ba ya kashe mutum yau, shi ya sa ba a jin tsoronsa. Kitse yake bi ya maƙale. In ya shiga jiki, sai an yi shekara 7 zuwa 11 kafin rabinsa ya fita. Fiye da kashi 90 cikin 100 na wanda ke shiga jikin ɗan Adam ta abinci yake shiga: nama, madara, kifi. Yana haddasa ciwon daji, yana raunana garkuwar jiki, yana taɓa haihuwa, kuma ɗan tayi a ciki ya fi kowa cutuwa da shi. Toka ta sauka a ƙasa, kaza ta yi tono, akuya ta yi kiwo, saniya ta ci ciyawa, nono ya shiga ƙwarya, uwa ta sha, jariri ya tsotsa. Jaririn da aka haifa a ɗakin haihuwar da tagarsa ke kallon jujin.

Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Stockholm ta 2001, ta tabbatar da ita a 2004, ta yi wa duniya alkawarin rage irin wannan guba. Kafin nan, a 1988, da aka gano an jibge mana dubban gangunan guba daga Italiya a garin Koko, ƙasar nan ta tashi tsaye. Aka janye jakada, aka tilasta kwashe kayan, aka yi dokar hana zubar da shara mai cutarwa, aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. Mun yi daidai. Amma in baƙo ya zuba mana guba sai mu ce cin mutunci ne, in namu ya ƙona ta a bayan ɗakin haihuwa kowace yamma sai mu ce tsafta yake yi?

Wani zai ce ai ƙauye ne, akwai fili, iska za ta ɗauke. Wanda ya faɗi haka bai san Bagwai ba. A ƙidayar 2006 sama da mutum 160,000 ne a ƙaramar hukumar, a ƙasar da ba ta wuce murabba'in kilomita 405 ba, wato wajen mutum 400 a kowane murabba'in kilomita, kuma tun daga lokacin an yi ta haihuwa. Daga Kiyawa zuwa Romo, daga Gadanya zuwa Gogori, gona ce ke bin gona, gida ke bin gida. Babu dajin da za a kai shara a manta da ita. Bayan katangar asibiti gonar wani ce. Iskar da ta ɗauki hayaƙin, tsakar gidan wani za ta sauke shi.

Kuma a ƙasar Kano juji dukiya ne. Da shi gonakinmu suka yi shekaru aru-aru ana noma su babu hutu. Kakanninmu da jakuna suke ɗauko taki, yau da amalanke da tifa ake yi. Bazara na yi, a kwashe jujin gari a kai gona, manomi da 'ya'yansa su watsa shi da hannu, ƙafa babu takalmi. Da can abin da ke ciki toka ce da kashin dabbobi da ƙaiƙayi. Yau akwai kanula. Wanda allurar da aka yi wa mai ciwon hanta nau'in B ta soka, yiwuwar ya kamu na iya kai kashi 30 cikin 100, kuma ƙwayar wannan cuta tana iya yin kwana bakwai a waje ba ta mutu ba. Manomin da ya taka ta zai matse jinin ya ci gaba da aiki. Bayan shekaru cikinsa ya kumbura, a ce sammu ne.

Ku tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbin akuya. Dabba tana ci tana ramewa, an sayi magani, an kira malamin dabbobi, sai ranar yanka a ga dunƙulen leda ya cika ciki. Akuyar da mace ta ajiye don ranar jinya, sharar jinyar ce ke kashe mata ita.

Abin da wuta ta bari, ruwa ya ɗauka. Ruwan sama na farko zai share jujin ya bi kwari ya bi rafi, kuma a wannan yanki kowa ya san inda gangare ke kaiwa. Madatsar Watari, wadda aka kammala a 1980, ita ce ke ba da ruwan noman rani na shinkafa da tumatir da albasa da masara. A cikinta masunta ke jefa koma. Daga cikinta ake tace ruwan famfo. Robar da ta maƙale a kwata kuma ta tara ruwa, sauro ya yi ƙwai, zazzaɓi ya ƙaru, a rataya wasu robobin. Asibiti yana kiwon sauro a bayansa, yana raba gidan sauro a gabansa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ledar nan a karan kanta ba ta da wata illa in an bi da ita yadda ya kamata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti shara ce kamar ta gida, kashi 15 ne kawai mai haɗari. Robar da ruwan gishiri ko na sukari zalla ya ƙare a cikinta, jini bai hau ba, ba a zuba mata magani ba, roba ce mai tsabta. A cire allura a jefa a kwalin allurai. A raba igiya da roba. A tsiyaye sauran ruwa. A sa kowanne a mazubinsa. Aikin da bai kai minti guda ba. In aka haɗa su a bokiti guda, an mai da kashi 85 ɗin nan duka guba, kuma hannun mai farar riga ne ya yi haka, a gefen gado, da gangan ko da lalaci.

Ba za a ce ba a sani ba. Tun 2013 ƙasar nan take da manufa a rubuce kan sharar asibiti. An koyar da launukan mazubi: baƙi na sharar gama-gari, rawaya na mai ɗauke da cuta, ja na mafi haɗari. An yi bita a otal-otal, an ci abinci, an karɓi kuɗin zama. Ina launukan suke a ɗakin kwanciya?

Sai a ce babu kuɗi. Bokiti uku nawa ne? Safar hannu mai kauri da takalmin roba na Baba nawa ne? Rami mai zurfi da murfi da shinge, wanda akuya da yaro ba za su shiga ba, nawa ne? Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya matakin farko, kuma wani kaso yana zuwa kai tsaye asusun cibiyoyin mazaɓu. Ana samun kuɗin fenti. Ana samun kuɗin allon suna mai hoton wanda ya gina. Ana samun kuɗin rumfa da kujeru ranar yanke ƙyalle. Sai an zo kan shara aljihu ke bushewa, saboda babu wanda ake kai wa ziyara bayan katanga.

Sai a ce babu hanyar kwashewa. Motar da ta kawo katan-katan na ruwa, da me take komawa? Babur ɗin da ke kai allurar rigakafi cikin ƙanƙara har ƙauyen da mota ba ta shiga, da me yake dawowa? Lokacin gangamin rigakafin ƙyanda ana ƙirga kwalayen allurai ɗaya bayan ɗaya, a tattara su, a kai inda za a ƙona su, domin masu ba da tallafi suna duba takarda. Ashe ana iyawa. In gangami ya wuce sai iyawar ta tafi tare da baƙin.

Kamfanonin da ke yin ruwan da dillalan da ke rarraba shi fa? Kowace roba da suka sayar sun san inda za ta ƙare. Ribar tasu ce, hayaƙin na maƙwabcin asibiti. Hukumar kula da dokokin muhalli, NESREA, da aka kafa a 2007, tana da tsarin ɗora wa mai sarrafa kaya alhakin sharar kayansa. Yaushe wannan tsari zai iso kan robar ƙarin ruwa? Masu sayen ruwa da yawa a madadin gwamnati, me ya hana su sa sharaɗi cewa mai kawowa shi zai kwashe fanko, kuma a fifita wanda babu PVC a kayansa?

A Afirka ta Kudu, rukunin asibitocin Netcare da kamfanin Adcock Ingram suna tattara ledojin ƙarin ruwa masu tsabta, a wanke, a niƙa, a narka, a yi takalman makaranta a raba wa yara. Wajen leda 20 ke ba da takalman yaro guda. A Ostareliya tun 2009 wani asibiti a Melbon ya fara tara irin wannan leda, yau asibitoci da yawa suna yi, ana mai da ita tiyon ban-ruwa. Tiyo! Abin da manomin Watari ke saye da tsada kowane rani, mu muna ƙona kayan yin sa muna shaƙar hayaƙin.

Kuma kada a ce Kano ba ta da masu sarrafa roba. Masana'antun roba suna nan a Sharaɗa da Challawa da Bompai, tsohuwar roba kuma a kilo ake sayenta. Robobin asibiti ma suna isa kasuwar. Amma ta wane hannu? Ta hannun ɗan jari-bola, yaro mai buhu a kafaɗa, wanda ke cusa yatsunsa cikin tarin allurai don ya zaro roba guda. Aikin da babba mai albashi ya ƙi yi da safar hannu a gefen gado, shi ne aka bar wa almajiri ya yi da fatar hannunsa a kan juji.

Ofisoshi ba su yi kaɗan ba. Akwai hukumar kula da asibitocin jiha, akwai ta lafiya matakin farko, akwai mai sa ido kan asibitoci masu zaman kansu, akwai sashen lafiya a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma cikin 44. Kano ce ke da tsohuwar makarantar koyon aikin duba-gari. Dattawa suna tuna lokacin da duba-gari ke shiga gida ya leƙa randa, in ya ga 'ya'yan sauro a ci maigida tara. Asabar ɗin ƙarshen wata har yau ana tsare hanya, a kama mai ɗan sahu, a ci shi tara don ya fito lokacin tsafta. Yaushe aka taɓa cin shugaban asibiti tara don jujinsa? Ko dokar tsafta ta talaka ce kaɗai?

Mu kuma jama'a, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke matsa wa ma'aikaci sai ya rataya. Mu ne muke kiran mai jaka gida don gudun layi. Mu ne muke ganin yaranmu suna tsotsar ruwa da igiyar da ta fito daga jijiyar wanda ba mu san ciwonsa ba, mu wuce. Mu ne muke rufe taga in hayaƙi ya taso, maimakon mu je mu yi sallama da shugaban asibitin. Kowace mazaɓa cikin goman da ke Bagwai tana da kwamitin da aka ce yana sa ido kan cibiyar lafiyarta. Akwai mai unguwa, akwai dagaci, akwai hakimi. Akwai liman da ke karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin imani, kuma almubazzaranci da ruwa abin ƙi ne ko da a alwala. Allura a hanyar makaranta ba abin cutarwa ba ce? Ruwan da aka tace aka dafa aka rufe aka ɗauko daga ɗaruruwan kilomita, a rataya shi don ado, a zubar da rabi, wannan ba almubazzaranci ba ne?

In aka ce za a sa wa naku ruwa, ku tambaya: Malam, ba zai iya sha ba ne? Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. In an cire, ku dubi inda aka jefa. In kwamiti ya zo duba asibiti, kada ya tsaya a ofis ya sha lemo ya sa hannu. Ya zagaya baya, da mai unguwa, da rana tsaka, ya tambayi wanda ke da alhakin tudun da sunansa.

Gwaggona ta samu sauƙi, alhamdu lillahi. Roba huɗu aka sa mata, kuma ban tambaya ko tana bukatar duka huɗun ba, ni ma wannan yana wuyana. Ranar da aka sallame mu hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa karan gero a gonar da ke jingine da katangar. Na sake leƙawa baya. Tudun ya ƙaru, huɗunmu na ciki. Baba yana tsugune da galan ɗin kananzir, yana kare ashana da tafin hannunsa, yana sauri wuta ta kama kafin ruwa ya sauko.